Ƙarfe a Cikin Bokiti

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar Asabar ɗin nan, ko in ce da daƙiƙa guda a cikinta. Ana tsakiyar waƙa ta biyu, Yaya Bulus ya kai bakinsa kusa da makirfo, sai na ga ya fizge kansa baya kamar wanda rina ta harba. Ya lashi leɓensa, ya ɗan yamutsa fuska, ya ci gaba da waƙa. Wurin cike yake da mutane, babu wanda ya lura. Ni na lura. Na waiga a hankali na dubi bayan babbar sifika, inda na ɓoye wani koren bokiti. Daga nan sai na yi abin da ya dace da babbar injiniya irina: na gyara tsayuwa, na ci gaba da tafi.

Sani mai gangarmu ne ya ce in rubuta wannan saboda ku da kuka shigo ƙungiyar kwanan nan, tunda kullum kuna tambaya me ya sa nake masifa in na ga mutum ya rataya jita ba takalmi. Wata huɗu ke nan da faruwar abin, har yanzu in firji ya yi ƙara a gida sai na zabura. Na ce masa ban iya rubutu ba. Ya ce ai aikin ma ban iya ba, kuma na yi shi shekara biyu.

Sunana Rifkatu. Na gama sakandare a 2004, na zauna jarrabawar shiga jami'a sau biyu. Daga ƙofar gidanmu a Samaru ana hango katangar jami'ar, to tana kallona ina kallonta, a haka muka tsaya.

Ƙungiyar Kwalta ta riga ni da shekara ɗaya. Yaya Bulus mai waƙa da jita da Ishaya mai bes, wato jita mai kaurin murya, su ne suka fara ta, dukansu daga cikin mawaƙan matasa na cocinmu. An sallame su ne ranar da Yaya Bulus ya sa jitarsa ta yi irin kukan nan na injin niƙa a tsakiyar sujada, wata dattijuwa ta fita da gudu ta bar takalmi ɗaya. Dattawa suka ba su wata tsohuwar amfilifaya, wato akwatin katakon nan da ke ƙara wa jita murya, mu amfi muke ce mata, suka ce su ɗauka kyauta, su yi nisa da ita.

Sai suka koma wani kango a bayan kasuwar Samaru suna kwaikwayon waƙoƙin rok na Turawa daga kaset. Ɗalibai su leƙo su yi dariya su wuce. A wani gidan biki, waƙa ɗaya suka yi uwar amarya ta aiko a gaya musu ga abincinsu nan, su ci su huta, sun gaji. Abin bai canja ba sai da Sani ya zo. Shi kakansa makaɗin kalangu ne. Ranar farko ya saurare su ya ce, "Ku da Turancin ma ba ku gama ji ba, wa kuke yi wa ihu?" Ya rataya kalangu a gefen gangunan bature, suka fara waƙa da Hausa, a kan yajin aiki da layin ruwa da 'yan acaɓa. Jitar dai tana nan da kukanta, amma yanzu in ta yi kuka mutane sun san abin da take yi wa.

A wannan lokacin na je neman shiga, na ce ina waƙa. Yaya Bulus ya ce in yi su ji. Na yi baiti ɗaya. Sai ya ce, "Rifkatu, kina da ƙarfin hannu?"

Ga yadda aikina yake, don wanda bai sani ba. Wutar lantarki in ta ɓace hanya a cikin na'ura, ƙasa take nema. In ba a ba ta hanya ba sai ta bi ta jikin mutum. Saboda haka akwai wata koriyar waya da Yaya Bulus ya ɗaure da kansa a jikin wata ƙusa a saman amfi, kusa da mariƙi, ya ce kada wanda ya kuskura ya taɓa wannan ɗaurin. Ya ga wani mai gyaran wuta yana yin irinsa a coci ne. Ɗaya bakin wayar kuma nawa ne. Duk inda za mu yi wasa, zan nemi ƙasa mai laushi, in buga wani ƙarfe mai tsawon hannuna da guduma har sai ya rage yatsa huɗu, in naɗa wayar a kansa, in zuba gishiri, in kwarara ruwa. Bayan kowace waƙa uku in koma in ƙara ruwa. Kafin a fara wasa Yaya Bulus zai ɗaga murya ya ce, "An kafa?" Ni kuma in ce, "An kafa, ya sha ruwa." Sai Sani ya buga sanduna a fara.

A jerin girma, mai waƙa ne a sama, sai mai ganga, sai mai bes wanda shi ne kuma ke saita miksa, na'urar haɗa sauti, sai janareta, sannan ni. Amma a unguwa ce musu na yi ni injiniyar sauti ce. Mama ta faɗa a zumuntar mata. Har wata maƙwabciya ta taɓa kawo mini rediyonta in duba, na karɓa na ajiye kwana uku na mayar mata na ce ba a samun kayansa a Zariya.

Ranar da nake ba ku labari, cikin daminar 2006, ita ce ranar ƙaddamar da faifanmu na farko. A wani situdiyo a Sabon Gari aka ɗauke shi, ɗakin bai fi banɗaki girma ba, sai da aka bar babbar ganga a waje. Karo na farko ke nan da za mu yi wasa da sunanmu, ba a gefen bikin wani ba. Muka kama farfajiyar wani otal a Sabon Gari daga ƙarfe uku zuwa shida na yamma. Da azahar aka sheƙa ruwa, ya ɗauke wajen biyu da rabi, ya bar ko'ina a jiƙe.

Ina shiga da ƙarfena da gudumata na ga matsala. Farfajiyar siminti ce daga bango zuwa bango. Na zagaya, ban sami ƙasa ba sai can bayan kicin, a hayin wata kwata, wurin duk taɓo da ruwan wanke-wanke. Wayar ba za ta kai ba sai an yi mata ƙari. Akwai wayar ƙari a jaka, wannan ba zan ɓoye ba. Abin da ya hana ni shi ne sabon farin kambas da na saya don ranar. Na tsaya a bakin kwatar nan ina duban taɓo ina duban ƙafata, ga ɗalibai sun fara shigowa, har da wasu 'yan ajinmu na sakandare da suka sami jami'a suka bar ni, waɗanda na gaya wa su zo su ga aikina.

Sai dabara ta zo mini, kuma a lokacin har daɗi na ji. Na ari bokitin roba a wurin masu shara, na cika shi da yashin gini da aka jibge a bakin ƙofa, na kawo bayan sifika na soka ƙarfen a ciki. Na naɗa waya. Na zuba gishiri ninki biyu, don in biya abin da na rage. Wani ɓangare na zuciyata ya san ba daidai ba ne, amma na ce masa wuta ba ta da ido, ina za ta gane bokiti.

"An kafa?"

"An kafa, ya sha ruwa!"

To kun ji inda bokitin ya fito. Da na ga Yaya Bulus ya fizge kai a waƙa ta biyu, taku biyar ne tsakanina da Ishaya. Da na je na raɗa masa a kunne, da an tsaya minti goma an gyara. Amma sai an tambaye ni ina na kafa, a gaban kowa. Na ce bari a gama waƙa ta uku. Aka gama ta uku, na lallaɓa na ƙara wa bokitin ruwa.

Waƙa ta huɗu ita ce ta 'yan acaɓa, wadda aka fi so. Yaya Bulus yana da al'ada a wannan waƙar, yakan tuɓe takalmi ya jefar, in an zo ƙarshe kuma ya faɗi da baya yana kaɗa jita a kwance, Sani ya ƙirga huɗu ya miƙe. Ya tuɓe takalman. Ya taka jiƙaƙƙen siminti. Hannunsa na hagu yana kan tsirkiyar jita, ya kai na dama ya damƙi makirfo.

Sifikun suka yi wani irin gurnani. Jikinsa ya sandare, wuyansa ya miƙe, ya tafi da baya gaba ɗaya da sandar makirfon. Wurin ya ɗauki ihu. "Kwalta! Kwalta!" Wani ɗalibi a gabana yana tsalle yana cewa yau Bulus ya fi kullum. Sani ya ƙirga huɗu. Bai tashi ba. Ƙafafunsa kawai ke bugun siminti.

Sani ne ya gane. Ya tsallake gangunansa da kujerar katakon da yake zaune a kai, ya make sandar makirfon da ita har ta fita daga hannun Yaya Bulus, yana ihu, "A kashe janareta! Kada wanda ya taɓa shi!" Ishaya ya ruga ya kashe. Wurin ya yi tsit. Wata mata daga cikin 'yan kallo ta ce ita nas ce, ta durƙusa ta yi ta danna masa ƙirji. Ban san tsawon lokacin ba. Can ya yi tari, ya ja numfashi da wata ƙara da har yau nake ji. Leɓensa ya ƙone, tafin hannunsa ma. Aka kinkime shi aka yi waje neman tasi, kowa ya bi.

Ina so in ce muku na bi su. Ban bi ba. Da farfajiyar ta yi fayau, na zare ƙarfen daga bokiti, na zubar da yashin a kwata, na mayar wa masu shara kayansu har da godiya. Sannan na tsallaka bayan kicin, na shiga cikin taɓon nan da na guje wa, na yi ta cusa ƙarfen a ciki har ya yi kama da wanda ya wuni a ƙasa. Kambas ɗin kuwa ko a bola ba za a ɗauke shi ba.

Da na isa asibitin, wani ƙarami mai zaman kansa, Ishaya ya tare ni a baranda.

"Ke, a ina kika kafa ƙarfen? Wurin nan ai duk siminti ne."

"Bayan kicin."

"Wayar ta kai?"

"Na yi ƙari." Na nuna masa ƙafata.

Ya dubi takalman ya ce, "Kai, sannu. Ke dai kin yi naki." Ya dafa kafaɗata. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Wajen ƙarfe shida yayan Yaya Bulus ya iso daga barikin Basawa. Saje Luka ke nan, soja ne, shi ya riƙe Yaya Bulus tun rasuwar babansu. Dogo ne, ba ya ɗaga murya, kuma wannan ne abin tsoron. Likita ya gaya masa bugun zuciyar bai daidaita ba tukuna, za a sa masa ido zuwa Litinin, ba zai yi alkawarin komai ba. Saje ya ce to. Ya fito ya jera mu a baranda kamar sababbin kurata, ya yi ta tambaya ɗaya bayan ɗaya. Wa ya haɗa wuta? Wa ya kawo janareta? Akwai wayar ƙasa?

"Akwai, yallaɓai," in ji Ishaya. "Ga mai kula da ita nan. Ba ta taɓa fashi ba."

Saje ya dube ni, ya dubi ƙafata, ya wuce. "To wa ya taɓa akwatin nan a kwanakin nan?"

Ishaya ya ce makon jiya an kai amfi wurin Oga Emeka mai gyaran rediyo a Sabon Gari, ya canja mata maɓallin ƙara.

"Yana buɗewa Lahadi?"

"A'a, yallaɓai."

"Litinin da safe ke nan. Ku zo da akwatin. In ƙanena ya tashi, mutumin nan zai kwana a kulle a gadirum har sai na huce. In bai tashi ba…" Bai ƙarasa ba, ya gyara hularsa.

Ranar Lahadi a coci aka yi wa Yaya Bulus addu'a, har da dattawan da suka kore shi. Mai jagorar addu'ar ya roƙi Ubangiji ya tona asirin duk wanda sakacinsa ya jawo wannan abu, kowa ya ce amin, ni ma na ce, don Mama tana kusa da ni. Da muka dawo ta zuba mini shinkafa na kasa ci, ta ce wa maƙwabta yarinyar nan akwai tausayi. Na shiga ɗaki na yi ta lissafi. In na yi shiru, tsohon da bai san hawa ba bai san sauka ba zai tafi bariki. In na yi magana, ni zan tafi, kuma kowa a Samaru zai ji cewa injiniyar sauti ta kusa kashe mutum saboda kambas. Ban yanke komai ba. Amma na sami baƙar leda na sa zane ɗaya da buroshi da ƙaramin Littafi Mai Tsarki da garin kwaki, ko da za a ce bariki zan tafi.

Litinin ƙarfe goma muka haɗu a bakin shagon. Ishaya ya tsaya a asibiti. Sani ya sauke amfi daga acaɓa, Saje ya zo cikin kaki, ni kuma ina baya rungume da ledata.

Oga Emeka ya kai shekara sittin, ya fi shekara talatin a Sabon Gari. Hausa a bakinsa kamar ruwa, sai dai mace da namiji duk "ka" ne a wurinsa. Shagonsa cike yake da talabijin da rediyon mutane har rufi. Ya ɗago daga kan teburi da tabarau a karan hanci ya ce, "Sani, yaya mai jikin? Na ji labari jiya a coci."

"Kai ne ka gyara wannan?" in ji Saje.

"Ni ne, ofisa. Maɓalli na canja."

"Rufe shagonka. Za ka bi ni."

"Ofisa, bari in buɗe akwatin mu gani tukuna."

"Ka buɗe shi makon jiya, mun ga abin da ya fito. Rufe."

Mutane suka fara taruwa. Na zaci tsohon zai yi gardama ko ya yi roƙo. Bai yi ko ɗaya ba. Ya kashe abin narka dalma, ya cire tabarau ya naɗe a aljihu, ya kira mai sayar da batir na kusa da shi ya miƙa masa mabuɗi. Ya ce, "Ka gaya wa madam maganin hawan jinina yana kan firji. Ta kawo mini Basawa. Guda ɗaya da safe ne, kada ta kawo na dare."

Maganin nan ne ya karya ni. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Bokiti ne!"

Kowa ya juyo.

"Yallaɓai, a bokiti na kafa. Ba a ƙasa ba. Bokitin roba, da yashi. Taɓon nan daga baya na shafa. Ba shi ba ne, ni ce." Na zube a kan gwiwa a cikin ƙurar shagon ina kuka mai majina, irin wanda ba ya ba kowa tausayi.

Sani ya ce, "Rifkatu, bokiti? Bokiti dai na wanka?"

"Na masu shara."

Saje ya tako har gabana. Takalmansa kawai nake gani. "Kin tsaya a gabana ranar Asabar ina tambaya, kika yi shiru."

"E, yallaɓai."

"Me ya hana ki kafawa inda ya kamata?"

Na so in ƙirƙiro wani abu mai mutunci, ban samu ba. Na ce, "Takalmina sabo ne."

Wani a cikin 'yan kallo ya fashe da dariya ya haɗiye ta.

"Mene ne a ledar nan?"

"Kayan kwana ne, yallaɓai. Da gari."

Sai muryar Oga Emeka ta fito daga bayansa: "Ofisa, tunda yanzu kana da masu laifi biyu, bari in buɗe akwatin ka zaɓi wanda ya fi."

Saje ya matsa gefe. Tsohon ya mayar da tabaransa, ya sa Sani ya ɗora amfi a teburi, ya kwance bayanta. Ya haska da tocila, ya ja tsaki. Ya kira Saje ya nuna masa inda babbar wayar wuta ta shiga akwatin. Robar jikinta ta goge saboda jijjigar acaɓa, jan ƙarfen ya fito tsirara yana taɓa ƙarfen cikin amfi. "Ka ga abin da ya kama ƙanenka. Wannan ba ta gefen da na buɗe yake ba, amma da na duba da na gani, wannan na ɗauka. Yanzu ina wayar ƙasar da ake magana?"

Sani ya nuna masa koriyar wayar, a ɗaure a ƙusar nan ta kusa da mariƙi. Oga Emeka ya dube ta ya daɗe. Ya ɗauko mitarsa mai allura, ya ɗora tsinke ɗaya a kan wayar, ɗaya a ƙarfen cikin amfi. Allurar ba ta motsa ba. Ya sake. Ko gezau. Ya ɗauki sukundireba ya kwance ƙusar ya ɗaga ta sama kowa ya gani. 'Yar gajera ce, da garin katako a jikinta.

"Wannan ƙusa katako ta riƙe. Katako kawai. Ba ta taɓa haɗuwa da ƙarfen ciki ba. Ni da na ga wayar nan na zaci ta ɗaure kaya ce." Ya leƙo ta kan tabarau ya dube ni. "Yarinya, shekara nawa kana ba ƙarfen nan ruwa?"

"Biyu."

"Da gishiri?"

"Da gishiri."

"Da a ƙafar kujera ka ɗaure, duk ɗaya ne. Ko a bokiti ka kafa, ko a tsakiyar kogi, wutar nan ba ta san da kai ba."

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Rabin jikina yana murna, rabin yana tuno duk ranakun da na bar waƙa a tsakiya na ruga da jarka, da gishirin Mama da na yi ta ɗiba a ɓoye tana zargin ƙannena. Sani ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa suna rawa saboda dariya.

"Kada ka yi murna tukuna," in ji tsohon, ya nuna ni da sukundireba. "Da wayar nan daidai take, da bokitinka ne ya kayar da shi. Wautar wani ce ta rufe taka. Kuma ka ga ya ja baki a makirfo ka yi shiru, ko ba haka ba?" Ban gaya masa wannan ba, shi ya gane da kansa. Na gyaɗa kai.

Saje ya ce, "Wa ya ɗaura wayar a nan?"

Sani ya juyo yana share ido ya ce, "Yallaɓai, yana kwance a asibiti."

Saje ya cire hula ya shafa kansa tun daga goshi har ƙeya. A daidai nan wayarsa ta yi ƙara, Ishaya ne. Duk muka zuba wa fuskarsa ido, fuskar kuma ba ta nuna komai. Ya ce to sau uku. Sannan ya ce, "Ya daidaita? Likitan da kansa ya faɗa? … Yau da yamma za a sallame shi? … Me yake tambaya? Jita?" Ya rufe ido. "Ka gaya masa jitar lafiyarta ƙalau. Ka gaya masa kuma ina zuwa, akwai maganar da za mu yi."

Ya kashe. Ya juya ga Oga Emeka ya ce, "Baba, ka yi haƙuri." Tsohon ya ce ba komai, a bar masa akwatin ya sa waya mai baki uku yadda ake yi, sannan ya leƙa waje ya karɓo mabuɗinsa.

Ku da kuka shigo yanzu, abin da zan ce muku kaɗan ne. A wannan sana'ar tamu babu wanda ya je makaranta, kowa gani ya yi a wurin wani ya ɗauka, har da waɗanda kuke ganin sun sani. In aka ba ku aiki, ku tambayi me yake yi, ku sa a gwada shi da mita a gabanku. In kuma kuka ga abu ba daidai ba a tsakiyar wasa, ku tsayar da wasan, ko wa ke kallo. Oga Emeka ne yake koya mini gyara yanzu, Talata da Alhamis. Bai taɓa tuna mini cewa na bar shi kwana biyu da laifina a kansa ba. Ni ce nake tunawa.

Amma ranar nan a shagon ina nan a durƙushe, don babu wanda ya ce in tashi. Saje ya sa hularsa ya nufi ƙofa, sai ya tuna da ni.

"Ke kuma me kike jira?"

"Bariki, yallaɓai."

"Tashi ki tafi gida. Babu mai taɓa ki."

"Yau kawai, ko har gaba?"

Ya dube ni kamar zai yi dariya, bai yi ba. "Har gaba." Ya duba agogon hannunsa ya ce wa Sani sha ɗaya da kwata ta yi, su hanzarta.

Na miƙe na ce na gode. Na yi taku biyu, ƙafafuna suka ce su ba su ji wannan sanarwar ba. Na lalubi abin da ke kusa na zauna a kai.

Oga Emeka bai ko ɗago daga cikin amfi ba ya ce, "Yarinya, ka tashi daga kan talabijin ɗin nan. Na mutane ne."